Gida Ba Ya Ci Sai Ta Biyar Ta Shigo

Daga Gummi, zuwa ga ɗiyata Hauwa'u Kulu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, motar Bukkuyum ba ta lalace da ku a hanya ba, mai kabu-kabun da ya ɗauke ki daga Gwashi kuma ya tuna ɗiyar mutane ce a bayansa ba buhun wake ba. Allah Ya tsare ki a gidan da kika sauka, Ya kare ki daga ruwa da maciji da bakin mutane. Ki gaida mini tsohuwar da ta ba ki masauki, ki ce ina godiya kafin in zo in yi da bakina.

Na zaɓi in rubuto ne don ni da ke ba mu iya zama mu yi magana ta ƙare lafiya. Ke wuta, ni wuta. Ke kuma ba 'yar fari ba ce balle in ji kunyarki, saboda haka zan faɗa miki yadda abin yake, ita kuwa takarda ba a katse ta.

Raina a ɓace yake da mutum biyu. Na farko ƙanena, kawunki Ɗanjuma. Kina fita ya shigo, ya zauna a tabarmata, ya sha furata, sannan ya ce in kwantar da hankalina, ya san wani wanda ya san wani, kafin damina ta yi nisa za a sake miki wurin aiki a dawo da ke cikin gari. Wai bazawara ba ta zama ita kaɗai a ƙauyen da ruwa ke yanke wa hanya. Wai maza uku aka tura su shugabancin makarantar nan da aka ba ki ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya gudu kafin a yanke gero. Na tambaye shi ko su ma maza ukun zawarawa ne. Sai ya ƙara fura.

Ta biyu ke ce. Tun da kika je kika ga makarantar kika dawo bakinki bai huta ba. Za ki gyara ta kafin wata ya mutu, za ki yi kaza, za ki rushe kaza, za ki rubuta a ɗauke Malam Isa, tsohon da kika ce yana koyarwa kamar mai tafiya da ƙaya a ƙafa. Ke da bakinki kika faɗa mini abin da iyayen yara suka gaya miki: in wannan shugabar ma ta tafi, za su kwashe ɗiyansu mata kuma ba za su sake kawo su ba, don sun gaji da wanke yara da safe a tura su makarantar da ba ta da mai ita. To abin da ke wuyanki ke nan. Ba a aike ki ki burge kowa ba. An aike ki ki kai ƙarshen shekara da 'yan matan nan zaune a aji. Kawunki yana so ki tsaya, ke kuma kina shirin tashi da irin gudun da ba ya kai mutum ko'ina, kuma a wurin yaran nan duk ɗaya ne.

Kin san na yi gudu lokacin da nake kwalejin horon malamai, amma kin ɗauke shi labarin tsofaffi. Yau za ki ji shi. Na karanta littattafai a kan shugabanci, na Turawa da na malamanmu na da, ban kuma raina su ba. Amma abin da na riƙe makarantu da shi duk tsawon aikina, da ƙafa na koye shi.

A zamaninmu kowace kaka ana gudun fanfalaki tsakanin gidajen kwanan ɗalibai. Ba zagayen fili ba ne. A tashi daga ƙofar kwaleji, a ratsa gonakin dawa, a gangara gulbi a bi yashi, a hau tudu zuwa wata kuka da ke tsaye ita kaɗai, a zagaye ta a dawo. Babu takalmi, in ma kina da shi yashi zai sa ki cire. Yanzu in aka ga yarinya tana gudu sai a tambaya wa ya biyo ta. Mu mun yi, da ɗankwali ɗaure tamau, kuma duk mun yi aure mun haihu, babu abin da ya zube daga jikinmu.

Shekarar farko ina ji da kaina, don a unguwarmu ba a taɓa riga ni zuwa bakin gulbi ba. Ana busa usur na fita kamar an kwance ɗan akuya daga turke. 'Yan kallo duk a bakin ƙofa suke, suna tafi suna kiran sunana, ni kuwa tafin nake yi wa gudu. Kafin mu fita daga gonakin dawa wani abu ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari kamar an caka mini tsinke. A yashi na durƙusa na amayar da kokon safe. Waɗanda na wuce ina murmushi suka zo suka wuce ni ɗai-ɗai, babu wadda ta ko dube ni. Da tafiya na shigo, na tarar an fara kwashe kujeru.

Masu tafi a bakin ƙofa suke tsayawa, Kulu, ba sa bin mutum cikin yashi. Na san waɗanda kike yi wa gudu. Tun da aurenki ya mutu kina jin ana magana, kina so a wayi gari labarinki ya iso Gummi har masu dariya su haɗiye dariyarsu. Ba su isa ki ƙone ƙarfinki dominsu ba. Ko jami'a kika mai da makarantar nan za su sami abin cewa, sana'arsu ce. Watannin farko ki tafi a hankali har ki ji haushin kanki. Ki buɗe makaranta a kan lokaci, ki tashe ta a kan lokaci, ki koyi sunan kowace yarinya da sunan uwarta. Kada ki yi alkawarin komai a gaban taro, don a ƙauye alkawari ba ya tsufa, jikokinki ma sai an tuna musu. In kin ji kamar ba ki yin komai, to daidai kike tafiya.

Malamar wasanninmu wata doguwa ce daga ƙasar Zuru, Madam kawai muke ce mata. In muna gwaji sai ta biyo mu a kan keke tana jefo tambayoyin banza: me aka dafa jiya, awaki nawa ne a gidanku, wa ya yi miki wannan mummunan kitso. Wadda ta amsa da cikakkiyar magana sai ta wuce ta. Wadda ta amsa da haki sai ta ce mata rage. Ma'auninta ke nan. Takan ce gudun da ba ki iya magana a cikinsa na aro ne, mai shi zai karɓe abinsa a hanya.

Wannan na san shi a ƙafa, amma da aka fara ba ni makaranta a wani ƙauye a ƙasar Anka sai ya fita daga kaina. Ina goyon yayarki, kullum a makare nake, hanyar makaranta kuma ta bi ta ƙofar ungozomar garin. Nakan jefa mata ina kwana ina tafiya. Ban durƙusa ba, ban tambayi gajiya da iyali da awaki da sauran bisashe ba, ban karɓi ruwan da take miƙowa ba. Sannu a hankali ajin mata ya fara yoyo. Da na matsa da tambaya aka gaya mini ita ta ce macen da ba ta da lokacin gaisuwa ba ta da lokacin ɗiyan mutane, kuma babu uwa a garin da ba ita ta yanke wa cibiya ba. Ban ce ta kyauta ba. Hana yara karatu don a hora malama zalunci ne, kuma har yau in na tuna ta sai na ji zafi. Amma zafin nawa bai dawo da yarinya ko ɗaya ba. Zama na yi a tabarmarta, na sha ruwan, na saurari tarihin ciwon gwiwarta tun daga farko, sannan suka fara dawowa, bayan zango guda ya tafi a banza. A can gaisuwa ita ce numfashi. Duk ranar da kika ga kin wuce mutum ba ki iya tsayawa ku gaisa ba, ko me kike ɗauke da shi, ki rage.

Yanzu ga wanda na fi so ki riƙe. Shekarar ƙarshe aka ba ni kaftin ɗin gidanmu. Ƙa'idar gasar ita ce kowane gida ya fitar da 'yan gudu biyar, kuma ba wadda ta fara shigowa ake dubawa ba. Gidan da biyar ɗinsa suka fara cika a fili shi ke ɗaukar garkuwa. Na san ƙa'idar, kowa ya san ta. Amma a lokacin na koyi numfashi, na koyi yashi, babu mai kamo ni a kwalejin, kuma a ganina aikin kaftin shi ne ta nuna wa na baya yadda ake yi. Na tara su na ce kowa ta sa ido a bayana ta biyo ni.

Ta biyar ɗinmu Tumba ce, 'yar Nasarawa Burkullu, gajera mai nauyin ƙafa. Ba ta da sauri ko kaɗan, amma in aka bar ta da takunta sai ta kai Sakkwato ba ta tsaya ba. Ranar nan ta yi abin da na ce. Ta sa ido a bayana, ta bi gudun da ba nata ba har gonakin dawa suka ƙare. Ni ban waiwaya ba. Na shigo ta ɗaya, sai da na sha ruwa na zauna sannan ta biyu ta ɓullo. Aka ɗaga ni sama, aka rangaɗa guɗa.

Ana cikin haka sai ga 'yan gidan su Balkisu, kaftin ɗinsu, wata 'yar Anka da nake rainawa don ban taɓa ganin bayanta a gudu ba. Su biyar a dunƙule kamar tumaki masu dawowa daga kiwo, ita ce a ƙarshe, kuma wallahi hira take yi musu. Daga baya na ji yadda ta yi. A cikin gona ta shiga gaba ta riƙe musu taku don kada zumuɗi ya kwashe su. Da suka gangara yashi ta koma baya kusa da mai rauninsu, tana ce mata ta taka inda ta gabanta ta taka, don sawun wani ya fi tauri. Babu ɗayarsu da ta zo cikin na farko-farko. Suka ɗauki garkuwa a gabanmu, mu muna tsaye mu huɗu muna leƙen hanya.

A yashi aka samo Tumba zaune, ƙafafu sun ƙi ta. Da Madam ta kawo ta a bayan keke na tare ta da faɗa, don a lissafina ita ta kayar da mu. Ta bari sai da na gama tas, sannan ta ce mini da Hausarmu ta nan: "Ke kic ci, Saratu. Mu munka hwaɗi. To mi kika biɗa gare ni kuma?"



Malam Isa shi ne Tumbarki. Kin ce yana da nawa, na yarda, ban gan shi ba amma na san irinsu. Sai dai ki lissafa da kyau: masu sauri uku sun zo sun tafi, shi ne yake buɗe ƙofar nan kowace safiya. In kika sa aka ɗauke shi, wa kike tsammanin za a aiko miki bayan Gwashi? Layi suke yi? Kuma kada ki ce ya sa ido a bayanki ya biyo ki, don zai yi ƙoƙari saboda kunya, sannan ya zauna a yashi. Ki ba shi ƙananan yara, inda haƙuri ya fi sauri amfani. Ki zauna da shi ku shirya darasi tare, ki sa ya taka inda kika taka, ba tare da kin nuna wa yara cewa gyara shi kike yi ba. Ki girmama shi a gaban mutane, ya haife ki. Ajinki na iya zama abin kwatance a duk ƙasar Bukkuyum, amma in ajinsa ya watse makarantar ta faɗi, kuma ke ce shugabar faɗuwar. Shugaba ba wurin tsayawa ɗaya gare ta ba. Wani lokaci gaba, don ta hana mutanenta zarcewa, wani lokaci baya, kusa da wanda ke shirin zama.

Kada ki ɗauka ina cewa ki goya kowa. Ban tsufa har haka ba. A gudunmu akwai waɗanda in an shiga gonakin dawa sai su saɓe su shige ciki, su zauna suna shan kara, su jira masu dawowa su faɗo cikinsu da ruwa yayyafe a fuska a matsayin gumi. Saboda su ne ake ɗiga wa kowa tawada a hannu a gindin kukar nan. Wadda ta shigo babu tawada, ko ta riga kowa ba a ƙirga ta. Madam kuma ba ta taɓa aika wata ta riƙe tawadar ba, da kanta take zuwa, don ta san 'yar'uwa ana iya roƙonta.

Ina faɗin wannan ne saboda ɗaya malamin, saurayin da ya tarbe ki da Turanci har kika dawo kina yabonsa. Ke kika ce mini yara sun ce duk ranar kasuwa ba a ganinsa, yana kan babur tsakanin Gwashi da Bukkuyum yana kabu-kabu, kika kuma yi dariya kika ce ai matashi ne mai neman na kansa. Na ga idonki ya rufe a kan mai nawa ya buɗe wa mai baki. Mai nawa yana kan hanya. Wancan a cikin dawa yake. Ki riƙa zuwa kukar da kanki. Ki shiga ajinsa ranar kasuwa, a darasin ƙarshe, ki duba abin da ke cikin littattafan yara ba abin da ke bakinsa ba. In kin same shi babu tawada, ki faɗa masa ku biyu, da mutunci. In ya sake, ki faɗa masa a gaban Malam Isa. In ya sake, ki rubuta, kuma kada ki fasa ko da uban wa aka aiko ya roƙe ki. Mutane na yafe wa shugaba tsanani, amma ba sa yafe mata ta kasa bambance mai gumi da mai yayyafin ruwa.

Saura yashi, shi ne kuma dalilin da ya sa na zauna na cika miki takardu. Naki yashin zai zo a tsakiyar damina. Rafi zai cika, babur ba zai ƙetare ba, rufin aji zai yi yoyo, rabin yara suna gona, zazzaɓi zai kwantar da ke babu mai dama miki kunu yadda kike so. A nan zuciyarki za ta fara yi miki magana, kuma ba da muryar ragwanci za ta zo ba. Da muryar hankali za ta zo, da hujjoji masu kyau: kin yi iyakar ƙoƙarinki, ba a gode miki, lafiya ta fi komai, ai ko maza sun kasa. Ban taɓa yin gudu ba, har wanda na zo ta ɗaya, da ban ji wannan muryar a cikin yashi ba. Ba ta mutuwa, sabawa ake yi da ita. Dokar da na kafa wa kaina ita ce ba a yanke shawara a yashi. Ki gajarta taku, ki daina hangen kuka, ki dubi ɗan itacen geza da ke gabanki ki ce sai can. In kin kai ki zaɓi wani. Ki ce sai Jumma'a, in Jumma'a ta zo ki ce sai wata. In ƙafarki ta taka ƙasa mai tauri, ruwa ya janye, kin warke, kin ƙoshi, to ki zauna ki yi tunani. Na tabbata maza ukun nan ba ragwaye ba ne. A yashi suka yi shawara.

Kuma a daidai wannan lokacin saƙon kawunki zai iso. Ɗanjuma ba wawa ba ne, ya san lokacin da mutum ke laushi. Ba ƙinki yake yi ba, sonki yake yi, abin da ya sa ya fi maƙiyi haɗari ke nan. Na gaya masa ba ni da iko da ƙafarsa, ya je duk ofishin da ya ga dama. Amsa taki ce, ke ba yarinya ba ce, ba zan kuma yi miki baki ba ko wace kika bayar.

Amma ya kamata ki san halin da gida yake ciki kafin ki amsa. Shekaranjiya na sa an fitar da gadonki da akwatunanki an kai ɗakina. Ɗakinki na ba wasu 'yan mata biyu daga ƙauye da suka sami shiga sakandare a nan Gummi, iyayensu na shirin fasawa don babu masauki. Na yi wa uwayensu alkawarin shekara guda cur, a gaban shaidu, kuma ba zan tayar da ɗiyan mutane ba don tawa ta gaji. In kin zo hutu za ki kwana a bayana kamar lokacin da kike ƙarama, in dafa miki tuwon dawa da miyar da kike so, in tsefe miki kai, ki zage ni a zuci ki koma. In shekara ta cika, 'yan matanki suna zaune a aji, kika zo kika ce Inna na gaji, to wannan maganar wadda ta shigo fili ce, zan saurare ta da kunne biyu.

Allah Ya ba ki dogon numfashi da ƙafa mai sanyi. Ya sa mutanen garin su riƙe ki kamar tasu, Ya tsare ki a rafi da tudu, a lafiya da ciwo, Ya raba ki da sharrin mai sharri da tausayin da ke karya gwiwa. Ki riƙe salla, ki tafasa ruwan sha, ki rataya gidan sauro tun kafin ruwa ya sauka. Yayarki da yara suna gaishe ki. Sabbin 'yan ɗakinki ma sun ce a gaishe ki, wai sun gode, ɗakin akwai iska.

Wassalam.

Innarki,
Saratu.